Masu Bin Sawun Tsohon Adabi

  Yau a shirinmu na faɗakarwa maganar wata sana'a za mu yi, wadda ba kasafai iyaye ke ambatonta ba idan suna lissafa wa 'ya'yansu abin da suke fatan su zama. Akan ce likita, akan ce injiniya, akan ce lauya ko ma'aikacin banki. Da wuya ka ji uban da ya ce burinsa ɗansa ko 'yarsa su ƙare rayuwarsu a kan waƙoƙin da aka rubuta shekara dubu da ta wuce, suna bin sawunsu har zuwa cikin abin da ake rerawa yau a daren Mauludi ko a gidan biki. Amma tun da aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, tambayar ta zo har ƙofar gidanmu. Yaro ya samu gurbi, ya ce Larabci ko Hausa zai karanta, har yana so ya zarce ya zama malamin jami'a a fannin tsohon adabi. Shin a ƙarfafa masa gwiwa, ko a juya masa akala? Ra'ayina shi ne a ƙarfafa masa, domin aiki ne na gaske, al'umma na bukatarsa, kuma ƙasar Haɗeja na cikin wuraren da suka fi dacewa da shi. Zan kawo hujjojina, sannan in tsaya in amsa wa masu ja, domin su ma suna da abin faɗa.

Bari mu fara leƙa Turai, inda irin wannan nazari ya daɗe da zama sana'a mai kujera da albashi. Latin shi ne harshen Rumawan dā. Yau babu uwar da ke yi wa jaririnta waƙar reno da shi, amma jami'o'in Ingila da Jamus da Italiya da Amurka na riƙe da farfesoshin da ba su da wani aiki sai karanta shi da bin diddigin tasirinsa. Dalilin a fili yake. Virgil, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya rubuta doguwar waƙar Aeneid a kan asalin Rumawa. Bayan shekara dubu da ɗari uku sai Dante na Italiya ya ɗauko Virgil ɗin ya mai da shi ja-gora a cikin tasa waƙar, wadda ta zama ginshiƙin adabin Italiyanci. Shakespeare ya sha labaran Ovid, har ya cusa na masoyan nan Pyramus da Thisbe cikin ɗaya daga wasanninsa. Newton da Latin ya wallafa littafinsa na dokokin motsi a 1687. Wani Bajamushe mai suna Ernst Robert Curtius ya kwashe shekaru yana tattara yadda marubutan Turai suka gaji salon buɗe magana da rufe ta, da salon yabo da na ƙasƙantar da kai, duk daga Latin, ya fitar da littafinsa a 1948, kuma har gobe ana karanta shi. Mu ma Latin ya taɓa mu, domin haruffan bokon da muke rubuta Hausa da su nasa ne, watan Yuli kuma sunan Julius Kaisar ne, Agusta na magajinsa. A nan Najeriya, tun farkon kafa Jami'ar Ibadan a 1948 ake koyar da Latin da Girkanci a cikinta. Can mawaƙi Christopher Okigbo ya yi karatu, can kuma Emeka Anyaoku ya yi nasa kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

To, mu Hausawa fa? Abin da Latin ya zame wa Turawa, shi tsohon adabin Larabci ya zame mana, har ma da ƙari, domin Larabci na nan da ransa, da shi muke salla, da shi muke karatu a zaure. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja ya san cewa ruwan da ke isowa gonarsa daga nesa ya taso, daga Kogin Kano da na Challawa, kuma ya san cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 abin da ake yi a can shi ke yanke masa hukuncin damina da rani. Wanda bai damu da abin da ke faruwa a sama ba, wata rana zai wayi gari bai san dalilin ambaliya ba, bai san dalilin ƙafewa ba. Haka waƙarmu da labarinmu suke. Suna da mafari, kuma dole a samu waɗanda za su ɗauki sanin mafarin nan a matsayin aikinsu.

Hujja ta farko kowa ya san muryarta, wato Ishiriniya. Kowace shekara idan watan Mauludi ya kama, ana rera ta a masallatai da zaurukan garuruwanmu, kuma akwai tsofaffin da suka haddace ta tun suna yara. Mutum nawa ne cikin masu rerawa suka san cewa a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau, Alfazazi ya tsara ta wajen shekarar 1207, kuma a Marrakesh ta Maroko ya rasu a 1230? Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa ƙasida mai baiti ashirin, shi ya sa ake ce mata Ishiriniya. Sannan Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama ƙwar biyar, kuma a haka ta fi yaɗuwa a wajenmu. Tun ƙarni na 17 malamin nan na Katsina, Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi. Ku duba nisan tafiyar: daga Andalus ta tsallaka teku, ta ratsa Sahara, ta zauna a Katsina da Kano da Haɗeja, har ta fi yin suna a nan fiye da inda aka haife ta. Tsarin ƙwar biyar da mawaƙanmu na Hausa suka ƙware a kai, da yadda sha'irai ke siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da jeranta mu'ujizoji, da begen Madina, duk suna da jijiya a irin waɗannan ƙasidu, da ita da Burda ta Busiri na Masar. Mai sauraron bege a waya yau yana cin gadon ƙarni takwas, ko ya sani ko bai sani ba.

Hujja ta biyu tana ɓoye a cikin kunne, ita ce karin waƙa. A Basra ta Iraƙi, a ƙarni na 8, Halilu ɗan Ahmad ya zauna ya auna waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa goma sha biyar, aka ƙara ɗaya a bayansa suka zama sha shida. Wannan ilimi shi ake kira aruli. Asirinsa shi ne bambanci tsakanin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma Allah cikin ikonsa Hausa ma haka take. A kalmar Kano, gaɓar farko marar nauyi ce, ta biyu mai nauyi. A kalmar malam, duka biyun masu nauyi ne. Wannan dacewa ce ta ba malaman jihadi da waɗanda suka biyo bayansu damar zuba kalmomin Hausa cikin Kamil da Basiɗ da Wafir da Mutaƙarab ba tare da sun karya harshen ba. Joseph Greenberg ya yi nuni da haka a 1949, Farfesa M. K. M. Galadanci na Kano kuma ya faɗaɗa shi a maƙalarsa ta 1975, inda ya kira abin auren waƙa tsakanin Larabci da Hausa. A shekarar ce kuma Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano kafin ya koma Landan, ya fitar da tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa. Mu mutanen nan ba ma bukatar mu je nesa neman misali. Malam Mu'azu Haɗeja, malamin makarantar boko ne, ya yi waƙa a kan giya da karuwanci da ilimin zamani da biyayya ga iyaye da tutocin Shehu, aka buga su a Zariya, ɗalibai kuma sun yi shekaru suna karanta su a sakandare. Batutuwansa na zamaninsa ne, amma buɗewa da sunan Allah da salati, da amsa-amo, da ma'aunin baiti, da muryar wa'azi, gado ne da ya karɓa daga magabata. Duk mai son ya bayyana dalilin da ya sa baitocinsa ke zama a zuciya, dole ya san abin da Malam Mu'azu ya gada, sannan ya iya nuna abin da ya ƙara da kansa.

Hujja ta uku a zube take, kuma kusan duk wanda ya yi firamare a Arewa ya taɓa ta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, an gina shi ne a kan haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga wannan gari zuwa wancan, kowa na shirya wa ɗan uwansa gadar zare. Mai karatun zaure da ya kai Muƙama zai gane wannan tsari nan take. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta muƙama hamsin, inda mai ba da labari Harisu ɗan Hammam ke cin karo da Abu Zaidu mai wayo a garuruwa daban-daban, kullum cikin sabuwar kama. Imam da kansa ya faɗi cewa Muƙama ta yi masa tasiri. Daga baya manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi suka bi labaran Magana Jari Ce ɗaya bayan ɗaya, suka nuna waɗanda suka fito daga Dare Dubu da Ɗaya, da na Indiya, da na Turai. Wannan bincike bai rage wa Imam komai ba. Ya nuna mana gwanintarsa ce, yadda ya mayar da baƙon labari ɗan gida har Bahaushe ya rantse a unguwarsu abin ya faru.

Wani zai tambaya, shi wannan malamin jami'a me yake yi da ranarsa? Aikin na haƙuri ne, kuma yana da ƙa'ida kamar kowace sana'a. Yakan nemo kwafe-kwafen waƙa guda daga hannun mutane daban-daban, ya jera su, ya gano inda mai kwafa ya yi tsallake ko ya sauya kalma. Yakan yanka baiti gaɓa-gaɓa ya gano karinsa, kuma a nan ajami ya fi boko taimako, domin ajami na nuna dogon wasali, boko kuwa ba ya nunawa. Yakan naɗi muryar masu rerawa, tunda abin da ke kan takarda rabin waƙa ne. Yakan kuma warware ramzi, wato shekarar da mawaƙi ya ɓoye cikin haruffa a ƙarshen waƙarsa. Ga misalin da zai nuna muku cewa abin ba wasa ba ne. Lissafin haruffa iri biyu ne, na Gabas da na Magrib, kuma na Magrib malamanmu suka bi. Harafin shinun a lissafin Gabas 300 ne, a na Magrib kuwa 1000 ne. Wanda bai san wannan ba zai iya kuskuren shekara 700 a kan waƙa guda, ya rubuta shi a littafi, yara su haddace. Tarihinmu da yawa a cikin waƙa aka adana shi, saboda haka kuskuren mai nazarin waƙa kuskuren tarihi ne.

Yanzu mu juya ga masu ja. Na farko shi ne mai tsoron Allah da ke cewa, tsohon adabin Larabci ai har da waƙoƙin jahiliyya, na giya da mata da alfahari da yaƙin ƙabila, me ya haɗa ɗan Musulmi da su? Damuwarsa abar girmamawa ce, amma magabata sun riga sun amsa ta. Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, yakan kafa hujja da waƙoƙin Larabawa wajen bayyana kalmomin Alƙur'ani masu wuya, kamar yadda Suyuɗi ya kawo a cikin Itƙan. Ka'abu ɗan Zuhairu ya rera Banat Su'adu a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bisa tsarin tsohuwar ƙasida, aka kuma karrama shi. A ƙasarmu, Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta a cikin Ida'un Nusuhi jerin abin da ya karanta da malaman da ya karanta a wajensu, ya ambaci cewa a gaban yayansa Shehu Usmanu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da diwanin mawaƙa shida, wato su Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Zuhairu da Antara da Ɗarafa da Alƙama, dukkansu mutanen kafin Musulunci. Wanda ya karanta Tazyinul Waraƙati na Abdullahi zai ga irin ƙarfin harshen da wannan karatu ya ba shi. Idan Mujaddadi Shehu Usmanu da kansa ya koyar da waɗannan waƙoƙi, to ɗalibin yau da ya karanta su don sanin harshe da tarihi yana kan turbar da aka riga aka share.

Na biyu shi ne mai cewa, ai muna da malaman zaure, sun haddace Muƙama da Shu'ara, suna fassara su kalma-kalma tun kafin a san za a yi jami'a, me ɗan boko zai ƙara? Gaskiya ne, kuma duk malamin jami'ar da ya raina zaure ya yi asara, domin a can lafazin yake, a can isnadin yake, a can fassarar Hausa ta gado take, wadda ita kanta taska ce ta tsofaffin kalmomi. Sai dai tambayoyin sun bambanta. Zaure na tambayar me wannan baiti ke nufi, kuma wa ya karantar da wa. Jami'a na ƙara tambayar yaushe littafin ya iso ƙasar Hausa, ta wace hanya, wa ya kwaikwaye shi da Hausa ko Fulatanci, me ya sauya, kuma me ya sa. Amsa irin waɗannan na bukatar a kwatanta takardun Sakkwato da na Kano da na Barno da na Timbuktu, abin da malami guda a zaurensa ba shi da halin yi. Mafi albarkar manazartanmu su ne waɗanda suka haɗa biyun. Wazirin Sakkwato Junaidu malamin gida ne, amma masu digiri daga ko'ina sun durƙusa a gabansa. Dakta Aliyu Abubakar da Farfesa Shehu Galadanci sun rubuta tarihin Larabci da adabinsa a Najeriya da Larabcin kansa. John Hunwick ya kwashe shekaru yana tattara sunayen marubutanmu da littattafansu, ya fitar da kundin da ya shafi yankinmu a 1995, kuma da taimakon masu ajiyar takardu na gida ya yi shi.

Na uku shi ya fi nauyi a wurina, domin daga kishin Hausa yake fitowa. Shi cewa yake yi, duk wannan bincike ƙarshensa a ce Bahaushe ba shi da komai nasa, karinsa na Larabawa, labarinsa na Bagadaza, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wannan tsoro na da tushe, domin an taɓa samun manazartan da suka ɗauka duk wani abu mai kyau a rubutacciyar waƙar Hausa daga waje ya zo. Amma a nan tarihin Latin na da darasi. Latin ɗin da Turawa ke tinƙaho da shi, shi ma aro ya yi. Rumawa na da nasu tsohon kari, sai Ennius ya ɗauko ma'aunin Girkawa ya ɗora wa Latin, aka bar na gida. Virgil a kan sawun Homer na Girka ya gina Aeneid. Terence, wanda aka haifa a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, wasannin Girkawa ya riƙa juyawa, har abokan hamayyarsa suka zarge shi a kan yadda yake ɗiba, ya riƙa kare kansa a gabatarwar wasanninsa. Ba wanda ke cewa yau Rumawa ba su da adabi. Kowane babban adabi da aro ya girma, abin dubawa shi ne me aka yi da abin da aka aro. Sannan nazarin nan da ake tsoro, shi ne ya tono abin da yake na Bahaushe tsantsa. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, wasu sun auna ta suka jingina ta ga Ramal. Da aka zurfafa bincike, ciki har da na Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, sai aka nuna dangantakar muryarta da waƙar caji ta makaɗan Hausa, wato malam ya karɓi muryar da jama'a ke so ya zuba mata wa'azi da bege. Farfesa Ɗalhatu Muhammad, wanda ya tattara waƙoƙin Aƙilu Aliyu a Fasaha Aƙiliya, ya yi rubutu a kan yadda waƙar baka da rubutacciya ke cuɗanya da juna. Ba za a iya gane wannan ba sai an san aruli sosai, har a ji inda waƙa ta sauka daga kansa ta hau kan kalangu. Mai kishin Hausa shi ya fi kowa bukatar wannan ilimi, domin da shi kaɗai zai iya nuna iyakar aro da mafarin ƙirƙira, da hujja, ba da ihu ba.

Na huɗu shi ne uban da ya sayar da buhunan shinkafa ya biya kuɗin makaranta, yana tambayar me yaron zai ci. Ba zan yi masa alkawarin dukiya ba, domin malantar jami'a a ƙasar nan ba ta azurta kowa, kuma hanyar na da tsawo: digiri na farko, na biyu, na uku, sannan hawa mataki-mataki bisa abin da mutum ya wallafa. Ban kuma ce kowane yaro ya bi ta ba. Muna bukatar likitoci da masana noma da injiniyoyin ruwa da yawa ƙwarai, manazartan tsohon adabi kuwa kaɗan sun isa, amma kaɗan ɗin nan dole a same su, kuma su zama daga cikin masu kaifin basira. Wanda ya iya Larabci da Hausa da Turanci, ya iya karanta ajami, ya iya rubutu mai tsabta, ba ya rasa abin yi. Akwai koyarwa a sakandare da kwalejojin ilimi irin na Gumel da Ringim, akwai fassara, akwai gidajen rediyo na gida da na waje, akwai rubuta labarin fim, akwai wuraren adana takardu irin Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Yanzu ma da ake koya wa kwamfuta karanta Hausa, masu aikin na neman wanda zai iya karanta musu tsohon rubutun hannu. 'Ya mace kuma na da gurbi babba a nan. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma mata biyu ne, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara ayyukanta suka buga a 1997. Akwai waƙoƙin da ke bakin tsofaffin mata a cikin gidaje waɗanda namiji ba zai taɓa samun damar naɗa ba.

Me ya sa na ce ƙasar Haɗeja ta dace da wannan aiki? Domin a kan hanya take tsakanin Kano da Barno, manyan cibiyoyin karatu biyu masu salon rubutu da al'adar tsangaya daban-daban. Almajiran da ke tafiya gabas neman Alƙur'ani ta nan suke ratsawa, kuma yankin ya yi suna da gwanaye da alarammomi. A nan Hausa da Fulatanci da Barbarci da yaren Bade suke maƙwabtaka. Wasiƙun sarakuna da hukunce-hukuncen alƙalai, kafin yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906 da bayansa, da Larabci aka rubuta su. Yawancin binciken da aka yi a kan adabin jihadi ya karkata ne ga Sakkwato da Gwandu da Kano da Zariya, saboda can manyan ɗakunan ajiya da tsofaffin jami'o'i suke. Tambayoyi irin su waɗanne littattafan adabi malaman Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa suka fi karantarwa, ta Kano suka zo ko ta Barno, da wace murya ake rera Ishiriniya a nan kuma ta yaya ta bambanta da ta Kano, kowace ɗaya ta isa digiri na uku. Kuma lokaci ba ya jira. Takardun na cikin gafaka da akwatuna a ɗakunan ƙasa, ga gara, ga ɗanshi, ga ambaliya irin ta 2022 da ta rushe gidaje a yankin nan. Gidan da ya rushe ana sake gina shi, amma kwafin waƙa da ba shi da na biyu, idan ya jiƙe ya narke, shi ke nan.

Saboda haka ina kira ga magada gidajen malamai da su yarda a ɗauki hoton takardunsu a inda suke, ba tare da an fitar da su daga hannunsu ba, a rubuta sunan gidan a jikin kowane kwafi, a kuma bar musu nasu. Ina kira ga masu ruwa da tsaki a jami'a da masarauta da su ware ɗaki da na'urar ɗaukar hoto da ɗan guziri ga ɗaliban da za su shiga ƙauyuka, domin aikin ba ya cin kuɗi kamar ɗakin gwaje-gwaje. Kai kuma ɗalibi, ko ke ɗaliba, da zuciyarku ta karkata nan, kada ku jira sai kun shiga jami'a. Ku nemi malamin zaure ku fara Ishiriniya da Burda da fassararsu, ku bi da nahawu da aruli, ku koyi karanta ajami da rubutun Magrib mai ɗigon fa'un a ƙasa, ku ƙarfafa Turancinku domin da shi aka yi bincike mai yawa, in kuma da hali ku ƙara da Fulatanci ko Barbarci. Ku ɗauki littafin Malam Mu'azu Haɗeja ku gwada yanka baitocinsa da kanku, ku kai wa malaminku na Hausa ya duba muku. Mai tambaya ko mai ja da abin da aka faɗa, ya aiko da saƙonsa, za mu karanta shi a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.